Ƙafar Tsuntsuwa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Ga yadda muke a gida. Ni lafiyata ƙalau, sai idon nan da ke yin ruwa idan na daɗe a kan takarda. Yayanki Dogo yana yawo da hannu a ɗage kamar mai tsayar da mota, maruru ne ya fito masa a hammata. Babanku ma yana da nasa a ƙeya, ya kusa kai ƙwan kaza, amma ya ce ba ciwo ba ne, wuyan riga ne ya goge shi. Kyanwa ta haihu a ƙarƙashin gadonki. 'Yarki Tsuntsuwa ita ma abin ya taɓa ta, amma ta samu sauƙi. Kada gabanki ya faɗi, ki karanta har ƙarshe.

Ƙurji ne ya fito mata a ƙwauri, ƙasa da gwiwa kaɗan, da fari kamar cizon sauro. Da ya nuna, babanku ya ce a kai masa ita shago. Na ce mu je asibiti. Ya ce, “Tun kafin a haifi likitan nan nake riƙe da reza, ƙurjin yarinya ne zai gagare ni?” Ya ɗora ta a kan kujerar aski, mai juyawar nan da take so, Dogo ya riƙe ƙafar, ya tsaga ya matse, ya goge da tawul ɗin shago. Sabuwar reza ce, a gabana ya ɓare ta daga takarda. Ta yi kuka, daga baya aka yi ta juya ta a kujera har ta yi dariya.

Sai dai wurin bai kwanta ba. Ya yi ja, jan yana ƙara faɗi, idan kika taɓa kamar murfin tukunya. Ban ƙara tambayar kowa ba, na kai ta ƙaramin asibiti na bayan kasuwa. Nas ɗin ta yi mini faɗa a kan matsar, kamar ni na matsa. Ta ba mu magani kwalba biyu, irin garin nan da ake zuba wa dafaffen ruwa a girgiza, ta ce a yi ta ba ta har su ƙare.

Maganin yana da kyau. Kwana biyu jan ya koma, ta tashi tana tsallenta daga gado zuwa kujera. Na dubi kan kabad, ga kwalba ɗaya da rabi a ajiye, mai shi ta warke. Na dubi babanku, a kife yake kwana. Dogo kuwa ba ya iya ɗaga almakashi. Kin san tsarin gidan nan, abin da ya shigo na kowa ne, ban taɓa bai wa ɗaya na hana ɗaya ba. Sai na raba. Babanku babban cokali biyu tunda shi ne babba, Dogo ɗaya da rabi, ita rabin ƙarami don kada a bar ta haka. Babanku ya lashe cokalin ya ce, “Ashe alewa suke ba yara. Da haka namu yake da ban taɓa gudun asibiti ba.” Dogo ya ce a ƙaro masa burodi. Kafin Juma'a kowa ya samu rabonsa, ba a zubar da ko ɗigo ba.

Tsofaffin tawul ɗin shago da nake wankewa na yanka mata biyu na wanka, sun fi na kasuwa laushi.

Abu ɗaya ne, tun jiya ta koma son goyo. Ko bayan gida sai ta ce in ɗauke ta. Babanku ya ce shagwaɓa ce, ni na ɓata ta. Wataƙila kewarki ce.

Hannuna ya gaji. Direban motar kaya zai biyo ta shago gobe, zan ba shi. Allah ya ba ki sa'a.

Innarki

*

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Yaya, a shafa mini kan Tsuntsuwa. Ina lafiya. Direban nan ba ya tsayawa, ta taga yake miƙo takarda injin mota yana kunne, don haka na rubuta wannan tun kafin ya zo. Zan ba shi tawa in karɓi taki. Amsar abin da kika rubuto sai wani zuwan.

An kai mu ɗakin masu raunuka. Tun safe muna tsaye, wanke hannu kuwa har fatar yatsuna ta fara saɓulewa. Shugabar nas-nas ɗin, Ƙararrawa muke ce mata a ɓoye, tana iya hango farce mai datti daga ƙarshen ɗaki. Jiya ta sa wata ta warware bandeji gaba ɗaya don kawai ta sosa hanci a tsakiyar aiki.

Jarrabawar ƙarshe ta matso, ƙarshen watan nan ne. An tara mu an gaya mana duk wadda ta fita daga makaranta kafin a gama, ko da wane dalili, shekarar ta tafi, sai ta sake daga farko. Wata ta je duba ƙaninta ta dawo ta tarar an bai wa wata gadonta. Ni kuwa ba ni da wata shekarar da zan bayar. Tun rasuwar baban Tsuntsuwa nake lallaɓa wannan karatu, ke kin fi kowa sani.

Yayar marigayi ta sake aiko mini a kan maganar da ta saba, wai a ba ta yarinyar ta riƙe tunda ba na nan. Na ce mata tana hannun Inna, babu inda ya fi nan.

Don Allah Inna, a wannan watan ki rage mini labarin wane ya yi tari, wane ya yi atishawa. Wancan karon kika rubuto Yaya ba ya iya magana, na kasa cin abinci, ashe haƙori ne. Ki bar kaina ya zauna wuri ɗaya har in gama.

'Yarki, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Na ga takardarki, na karanta sau biyu, na gane. Ki yi karatunki. Kowa lafiya. Babanku yana zuwa shago, Dogo ya fara sauke hannu. Ni ma lafiya.

Kada ki fito daga makarantar nan ko da me za ki ji. Shekarar ba za ta tafi ba, in Allah ya so.

Ina da tambaya, ba ta gidan nan ba ce. Jikar maƙwabciya ce ta ƙi taka ƙafa ɗaya, jikinta yana zafi da yamma, kuma ba ta bari a taɓa mata ƙasan gwiwa, alhali babu wani ciwo a waje, ƙurjin da ya taɓa fitowa ya bushe. Kakarta ta ce in tambaye ki ko an koya muku wannan. Ba gaggawa, idan kin samu sarari.

Innarki

*

Inna,

Na karanta takardarki ta farko a tsaye, na bi motar da gudu har bakin titi, ya riga ya wuce. Ga shi sai na jira dawowarsa. Ki karanta wannan a hankali, idan wani wuri ya shige miki ki ba Yaya ya karanta da ƙarfi a gaban Baba.

Marurun nan uku ciwo ɗaya ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ido ba ya ganinta, a nan staf muke ce mata. Tana zama a fatar mutum da cikin hanci. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba ta yi musu komai, sai ta samu ƙofa, kamar yankan reza, ko susa, ko cizon sauro. Tana bin hannu da tawul da soso daga wannan zuwa wancan. Rezar Baba sabuwa ce, amma tawul ɗin wuyan mutum nawa ya goga? Kuma idan aka matse maruru ba waje kaɗai mugunya take fita ba, wata ciki ake tura ta.

Maganin nan da nauyin Tsuntsuwa aka auna shi. Cokali biyu na maganin yara ba abin da zai yi wa Baba, ita kuwa an yanke mata a tsakiya. Jan ya koma ba ya nufin ƙwayar ta mutu.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne goyon nan. Tsuntsuwa ba ta son a riƙe ta ko a kan titi, kin sani. A jikin yara idan ƙwayar nan ta shiga jini ƙashi take nema, galibi kusa da gwiwa, kuma abin da ake fara gani shi ne yaro ya ƙi taka ƙafa. Ba shagwaɓa ba ce. Ranar da wannan ta same ki, ki kai ta babban asibiti, ba na bayan kasuwa ba. Ki gaya musu an tsaga, an matse, kuma ba ta shanye magani ba. Kada ki ji kunya, ki faɗi duka. Tawul ɗin shago kada ya ƙara shiga gida.

Ina ƙara wannan a bakin ƙofa, na sa maigadi ya tare gaban motar. Yanzu na buɗe takardarki ta biyu. Inna, maƙwabciya jikokinta duk sun yi gemu. Kin lissafa kowa a gida ban da Tsuntsuwa. Don girman Allah ki kai ta yau.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Babanku yana nan yadda yake. Dogo da sauƙi. Ni lafiya. Tsuntsuwa tana babban asibiti, an yi mata aiki a ƙafa, tana raye, tana magana, ta sha shayi da safe. A kan gwiwata nake rubutu a gefen gadonta, ki yi haƙuri da layukan.

Takardarki shekaranjiya ta iso. Motar ta lalace a hanya, ta yi fiye da mako a garejin wani gari, takardar tana cikin aljihun gaban mota. Dogo ya kawo mini ita nan. Da na karanta sai na ga kamar kina ɗakin kina kallonmu tun farko.

Jikar maƙwabciya ƙarya ce, kin riga kin gane. Kin ce in bar kanki ya zauna, sai na ɗauka ko gobara ce in yi shiru.

Bayan na aika miki waccan, abin ya yi ta gaba. Ta daina ci. Idan na ɗaga zanen da ke kan ƙafar sai ta yi ƙara tun ban taɓa ba. Babanku yana gasa mata da tsumma da ruwan zafi, ya ce targaɗe ne, wajen tsalle ta yi. Na yi ta jiran amsarki ina leƙen titi. Ranar Lahadi da hantsi na ba ta ruwa, ta dube ni ta kira ni da sunanki. Jikinta kamar garwashi. Na ɗauko zane.

Babanku ya ce, “Ina za ki da ita?”

Na ce, “Inda ba a matsa.”

Ya ce, “Ki bari in dawo daga shago mu gani.”

Na ce, “Ka gani tun tuni, Malam. Matsa mini in wuce.”

Tunda na zo gidansa ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya matsa. Na goya ta, ƙafafunta har gwiwata, kowane taku sai ta yi nishi. Dogo ya bar mutum da rabin aski ya tsayar mana da mota.

An ɗebi jininta, an ɗauki hoton ƙafar. Likitar mace ce, ƙarama, ba ta girme ki da yawa ba. Ta tambaye ni wane magani aka ba ta, na faɗa. Ta ce ta shanye? Ban samu takardarki ba a lokacin, amma na faɗi gaskiya, na ce na raba wa mutanen gida. Ta ajiye biro ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ciwon ya shiga ƙashi, mugunya ta taru a ciki, sai an buɗe an wanke. Na ce za ta yi tafiya? Ta ce, “Mama, yau ranta muke nema. Ƙafar za mu yi maganarta daga baya.”

An yi aikin ranar. Yanzu akwai roba a ƙafar da ke fitar da ruwa, da wata a hannu da ake ba ta magani ta jijiya. Sun aika mugunyar ɗakin gwaji, sun ce staf ce, yadda kika rubuta. Zazzaɓin yana sauka yana hawa. Likitar ta ce wurin da abin ya kama yana kusa da inda ƙashin yaro ke tsiro. Idan ya ci wurin, ƙafar za ta iya fin ɗayar gajarta. Ba su sani ba tukuna.

Na tambaye ta ko rabon da na yi ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, wani yaron yana shanye magani kuma abin ya same shi, amma rabon bai taimaka ba, jiran ma bai taimaka ba. Na rubuta miki yadda ta faɗa, ban rage ba.

Babanku ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Tsuntsuwa ta ce, “Kaka, ka zo da rezar?” Ya juya ya fita.

Kada ki taho. Babu abin da za ki yi da ba a yi. Na ba wani mai motar haya wannan, ban ƙara yarda da waccan motar ba.

Innarki

*

Inna,

Na samu. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba.

Na haɗa jakata na kai har bakin ƙofa. Ƙararrawa ce ta gan ni ta taga, ta sa aka dawo da ni. Ta karanta takardarki gaba ɗaya, ta ce, “An buɗe, an wanke, ana ba ta magani ta jijiya. Idan kin je me za ki ƙara, kuka? Ki zauna ki gama, yarinyar nan za ta daɗe tana buƙatar uwa mai aiki.” Na zauna. Ina shiga aji, amma abin da ake faɗa ba ya shiga.

Zan faɗi abin da ke raina sau ɗaya. Maganin 'yata ne kika raba kamar nama, Inna. An ce miki har su ƙare. Na bar miki ita don na san ko ƙuda ba za ki bari ya sauka a kanta ba.

Na faɗa. Ni ma kuma ni na ce ki yi mini shiru, ban san abin da ke cikin takardar da ke hannun direba ba. Da na jira na karanta taki kafin in ba shi tawa, da ba haka ba. Kuma ke kika goya ta. Wannan ma na sani.

Yanzu ga abin da ya rage. Ciwon nan bai bar gidanmu ba. Idan ta koma da rauni a buɗe ta tarar da shi, zai iya komawa inda ya fito, na biyun kuma ya fi wuyar magani. Ki roƙi likitar a duba ku duka uku, a goga auduga a hancinku da marurun Baba da na Yaya. Har ke, ko da ba ki da ƙurji ko ɗaya. A tafasa zannuwan gado da tawul, a shanya a rana, kowa da nasa soso. Baba ya je a buɗe masa nasa a asibiti, ya daina taɓawa yana taɓa kan mutane.

Ki rubuto mini komai. Idan ta yi tari ina so in sani. Ta taka ƙafar ko ba ta taka ba?

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Dogo ya warke, an ba shi maganinsa na manya yana sha. Babanku ba lafiya, na ƙeyar ya fashe, wani kuma ya fito a gefensa. Ni ban san layin da zan sa kaina ba, zan zo kan wannan. Tsuntsuwa zazzaɓi ya bar ta, an cire robar ƙafa.

Ta taka. Jiya nas biyu suka riƙe ta, ta sauke ƙafar a ƙasa kamar mai gwada ruwan wanka, ta tsaya, ta yi taku uku zuwa taga. Ta ce ƙasan asibitin ne ya karkace. Likitar ta ce sabon hoton ya fi na farko kyau, wurin tsiron ƙashin bai nuna ya taɓu ba, amma sai an yi watanni ana dubawa kafin ta ce an tsira. Za ta sha magani wajen mako shida, ba fashi. Raunin kuma ba a rufe shi duka ba, za a riƙa wankewa ana sake bandeji.

Abin da kika faɗa a kaina na karɓa. Ban ji haushi ba.

Mun yi gwajin ni da Dogo. Babanku ya ƙi. Ya ce, “Hancina za su leƙa? Ni da nake leƙa na mutane in yanke musu gashi?” Na ce ba don kai ba ne, don yarinyar ne. Ya ce idan aka ji mai aski yana da cuta mai bin tawul, wa zai ƙara zama a kujerarsa. Na daina karɓar wankin shago, sai ya riƙa kawowa da kansa yana jiƙawa a bahon wankanmu. Dogo ya yi masa magana, ya ce ɗan da ya koya wa riƙe almakashi ba zai koya masa tsabta ba. Ba mugunta ba ce, Auta. Kunya ce ta kama shi, ya rasa ta inda zai fito. Zai sauko, na san shi, amma ba a makon nan ba.

Sakamako ya fito. An samu a hancina. Ni da ko ƙurji ban yi ba. Likitar ta ce haka take, wani yana ɗauke da ita shekara da shekaru bai sani ba, kuma ba wanda zai iya cewa daga wa ta fara a gidan. Ta ba ni man shafawa a hanci da sabulun wanka na asibiti, ta ce yawanci yana kore ta, amma idan akwai mai maruru a gida da ba ya magani, za ta iya dawowa. Ni nake yi wa Tsuntsuwa wanka, ni nake hura mata shayi, a ƙirjina take barci. Tun ranar nake sa takunkumin fuska, ina wanke hannu kafin in taɓa ko filonta. Ta ce, “Inna, kin zama likita ne?” Na ce e, na ci jarrabawa kafin uwarki.

Yayar marigayi ta zo dubiya. Dogo ne ya gaya mata, ban hana shi ba, jininta ce. Ta zo da lemo, ba ta ce mini komai a kan abin da ya faru ba, ko da ido. Da za ta tafi ta ja ni baranda ta ce, “Gidana yana bayan asibitin nan, da ƙafa ake zuwa. Daga ni sai mijina, ba mai ƙurji. A ba ni ita har ta gama magani.” Na ji kamar in ture ta daga benen. Na ce zan yi tunani.

Na je na ga gidan, ban gaya mata zan zo ba. Ɗaki biyu ne da keken ɗinkinta a falo. Banɗakin da siminti, rana tana shiga. Ta nuna mini inda za ta sa gadon, kusa da taga. Ta tambaye ni lokutan magani ta rubuta a bango da alli. Na duba ko zan ga abin kushewa, ban samu ba.

Na san abin da za ki ce. Tun rasuwar ƙaninta take neman yarinyar nan, kuma “har ta gama magani” magana ce ta baki. Idan ta shiga gidan ta saba, ba lallai ta fito da sauƙi ba, ke ce za ki sha fama idan kin dawo. Ni ma ban san yadda zan kwana a ɗakina ba tare da ita ba. Amma na auna. Idan na kai ta gidanmu, ga baho ɗaya, ga babanku da wuya yana tsiyaya, ga ni. Idan abin ya koma ƙashin, likitar ta ce sai an sake buɗewa, kuma ba ta yi mini alkawarin ƙafar ba. Gara ta yi tafiya a gidan wata da ta yi ɗingishi a nawa.

Don haka shawarata a kai ta can. Ba wanda ya sa ni, ni na gani. Amma 'yarki ce, ba zan ƙara yanke komai a kanta ni kaɗai ba.

Ranar Asabar za a sallame ta. Mai motar hayar zai juyo ranar Juma'a, ki ba shi amsa ko da layi ɗaya ne. Idan kin ce a'a, zan kama ɗaki kusa da asibitin in zauna da ita da takunkumina, sai dai ki sani likitar ba ta so haka ba. Idan kin ce to, zan tafasa kayanta in goge, in miƙa ta da hannuna.

Ita ban gaya mata ba tukuna. Ki amsa kafin Asabar, Auta, don in samu yini guda in gaya mata a hankali.

Innarki